Na'urar ko-ta-kwana: yadda ake saita kwafin rumbun bayanai don ranar da ruwa ya ci ofis

A garuruwan da ke bin gaɓar kogin Haɗeja, daga Ringim zuwa Auyo har Kirikasamma, ƙungiyoyin manoma da ƙananan bankunan al'umma da wasu asibitoci sun fara barin littafi suna komawa kwamfuta. Wanda ya karɓi buhun taki bashi, matar da ta zuba adashenta na wata, yaron da aka yi wa allurar rigakafi ta biyu, duk suna cikin rumbun bayanai guda, a kan na'ura guda, a ɗaki guda. Da yawa daga cikin manhajojin da ake wannan aiki da su a kan PostgreSQL ko MySQL suke zaune, wato manhajojin da ke riƙe rumbun bayanan kansa. DHIS2, wadda Najeriya ke tattara alƙaluman lafiya da ita, PostgreSQL ce a ƙarƙashinta; OpenMRS ta katin majiyyata kuma MySQL. Shawarar da aka saba bai wa masu irin wannan ofis ita ce su sayi na'ura ta biyu, a haɗa ta da ta farko, duk abin da aka rubuta a nan ya bayyana a can. Shawara ce mai kyau. Sai dai na'ura ta biyu ba ta ceton kowa don kawai an kunna ta. Kowane saiti da ke cikinta amsa ce ga tambayar abin da aka yarda a rasa, kuma saitin da manhajar ke zuwa da shi ba a yi shi da tunanin garin da sabis ke ɗaukewa kwana uku ba, balle ofishin da ruwa ke shiga a watan Satumba.

Zan yi bayanin da PostgreSQL, domin a nan sunayen saitin suka fi fitowa fili, amma tunanin ɗaya ne a MySQL.

PostgreSQL ba ya taɓa canja komai a cikin rumbu sai ya fara rubuta canjin a wani littafi na daban da ake kira WAL. Kafin a ƙara Naira dubu biyar a asusun wata mata, sai an rubuta a littafin cewa za a ƙara. Littafin yana taruwa ne fayil-fayil, kowane ɗaya megabait 16. Asalin amfaninsa shi ne idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki, na'urar ta karanta shi ta san inda ta tsaya. Tun daga fitowar PostgreSQL mai lamba 9.0 a shekarar 2010 aka ba shi aiki na biyu: a riƙa tura layukansa ta intanet zuwa wata na'ura, ita kuma ta riƙa aikata abin da ta karanta. Ta farkon ita ce uwar na'ura, a kanta ake rubutu. Ta biyun ita ce ta ko-ta-kwana, tana bin sawu kawai, ana iya karatu a kanta amma ba a rubutu. Kamar magatakarda biyu ne, ɗaya yana rubutu ɗaya yana kwafa a bayansa. Na biyun ba ya tambaya. Idan na farko ya rubuta daidai ya kwafa, idan ya soke shafi guda shi ma ya soke.

Kafin a taɓa ko da saiti ɗaya akwai tambayoyi biyu, kuma ba mai gyaran kwamfuta ne zai amsa su ba. Shugaban ƙungiya ne da ma'aji, ko shugaban asibiti da mai kula da katuna. Ta farko: idan uwar na'ura ta mutu yanzu, aikin minti nawa ko awa nawa na baya za mu iya rasawa mu rayu? Ta biyu: awa nawa za mu iya zama babu kwamfuta kafin mutane su fara taruwa a bakin ƙofa? Masu wannan sana'a suna kiran ta farko RPO, ta biyu RTO. Ƙungiyar da ke bayar da rasit na takarda a kan kowane kuɗin da ta karɓa za ta iya jure rashin aikin minti goma sha biyar, domin za a sake shigar da shi daga kwafin rasit. Asibitin da ya daina katin takarda gaba ɗaya ba shi da wannan sararin. Duk wanda aka tambaya zai fara da cewa ba ya son rasa komai, ko na daƙiƙa ɗaya. Sai an faɗa masa kuɗin da hakan ke ci, da abin da yake jawowa a ranar da sabis ya yi rauni, sannan ake samun amsa ta gaskiya.

Inda za a ajiye na'urar ko-ta-kwana ya fi duk wani saiti da za a rubuta muhimmanci, kuma a nan aka fi yin sakaci. Kogin Kano da na Challawa suna haɗuwa su zama kogin Haɗeja, a samansu akwai madatsar Tiga da ta Challawa, ruwan kuma yana bi ta Wudil da Ringim ya gangara Auyo da Haɗeja da Guri. A ƙasan kwarin ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwa da dama, abin da ke sa ya fantsama cikin gari da gona. Ambaliyar 2020 da ta 2022 ba gari ɗaya suka ci ba, layin kogin suka bi. Saboda haka ofishin da ke Auyo idan ya ajiye na'urarsa ta biyu a Haɗeja, ya yi nisa a ido amma bai fita daga bala'i ɗaya ba. Dutse ko Gumel ko Kazaure sun fi, ko cikin birnin Kano, kuma ko a can ɗin a kan tebur mai tsawo ko a bene. Wannan kuskure ba na ƙauye ba ne kaɗai. A ranar 10 ga Maris 2021 gobara ta cinye ginin adana bayanai guda na kamfanin OVH a Strasbourg ta Faransa, kuma akwai abokan cinikinsa da suka gano a ranar cewa kwafin ajiyarsu ma a harabar yake.

Ruwa kenan. Wuta tata taswirar daban ce. Kano da Jigawa da Katsina duk kamfanin rarraba lantarki ɗaya ke ba su, kuma a Oktoban 2024, da manyan layukan da ke kawo wuta Arewa suka lalace, jihohi da dama sun wuce mako guda cikin duhu a lokaci ɗaya. Mai na'ura a Auyo da wata a Dutse, idan duka biyun wutar gwamnati suke jira, tare suka mutu a wancan makon. Dole kowace ta samu sola da batir nata. Intanet ma haka: idan uwar na'ura tana kan layin wani kamfanin waya, ta ko-ta-kwana ta kasance a kan wani, kuma a ofishin a ajiye layi na biyu. Hayar ƙaramar na'ura a cibiyar adana bayanai ta Legas ko Abuja tana warware matsalar ruwa da wuta a lokaci guda, kuma ni ita nake fifitawa ga wanda zai iya biyan kuɗin wata-wata. Ta ƙasar waje tana da nata haɗarin. A ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku da dama suka yanke a gaɓar Afirka ta Yamma, harkar banki da sadarwa ta rikice a Najeriya kwanaki. Ga kuma Dokar Kare Bayanai ta 2023, wadda ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar kulawa ta musamman, ta kuma gindaya sharuɗɗa kan fitar da bayanan mutane waje.

Akwai wani tarnaƙi da littattafan koyarwa ba su cika ambata ba, domin marubutansu ba su san shi ba. Na'urar ko-ta-kwana ce ke kiran uwar na'ura, ba uwar ke kiranta ba. Amma na'urar da ke samun intanet ta layin waya, ko ta Starlink da ta shigo Najeriya a farkon 2023, yawanci ba ta da adireshin da za a same ta daga waje, domin kamfanin yana haɗa mutane da yawa a bayan adireshi ɗaya. Sai mutum ya kwana yana duba saitinsa alhali saitin lafiyarsa lau. Mafita ita ce a haɗa na'urorin biyu ta ɓoyayyar hanya irin ta WireGuard, kowacce ta kira wata ƙaramar na'ura da ke tsakiya, su haɗu a can. Ko da an samu adireshin kai-tsaye, kada a buɗe ƙofar PostgreSQL, wato lamba 5432, ga duniya. A cikin fayil ɗin pg_hba.conf a rubuta layi ɗaya tak: wannan mai amfani, daga wannan adireshi, don kwafi kawai, da kalmar sirri ta tsarin scram-sha-256. Mai amfanin kuma a ƙirƙire shi musamman don wannan aiki, kada a ba shi ikon shugaban rumbu.

Haɗa su ɗin kansa ba shi da wuya. Na'urorin biyu su kasance da babbar fitowa ɗaya ta PostgreSQL, 16 da 16 misali, da kuma irin ƙwaƙwalwa ɗaya, wato furosesa. Ba a haɗa kwamfutar tebur da ƙaramar Raspberry Pi a wannan tsari. A kan uwar, wal_level ya kasance replica, wanda dama a haka yake zuwa tun fitowa ta 10. Sai a ɗauki kwafin farko da pg_basebackup, manhajar PostgreSQL ta kwafe rumbu gaba ɗaya, tare da alamar -R, wadda ke rubuta adireshin uwar a primary_conninfo ta kuma ajiye fayil ɗin standby.signal da ke shaida wa na'urar cewa ita mai bin sawu ce. Kwafin farkon shi ne mai nauyi. Maimakon a ƙona data ana tura gigabait ashirin a kan sabis mai zuwa yana komawa, a kawo na'urar ta biyu ofis, a haɗa su da waya a ɗaki ɗaya, a gama, a sa ta a mota a kai ta Dutse. Da ta tashi za ta nemi abin da ya wuce ta a hanya kawai.

Saitin da ya fi ruɗin mutane shi ne na jiran amsa. A yadda PostgreSQL ke zuwa, uwar na'ura tana adana canji a faifanta, ta ce wa ma'aikaci an gama, sannan ta tura wa ta biyu. Idan ta mutu a tsakanin nan, abin da bai kai ga tafiya ba ya tafi da ita. Tun fitowa ta 9.1 akwai wata hanya: a sa sunan na'ura ta biyu a synchronous_standby_names, sai uwar ta ƙi cewa an gama har sai ta biyun ta amsa cewa ita ma ta adana. Ba a rasa komai. Duk wanda ya ji wannan sai ya ce shi yake so.

Ga abin da ke biyo baya. Ranar kasuwar gari, mutane sun cika ofis, sai sabis ya ɗauke. Uwar na'ura lafiyarta lau, wuta na nan, amma duk wanda ya danna adana sai allon ya tsaya, domin tana jiran amsar da ba za ta zo ba, kuma ba ta gajiya da jira. An ɗauki matsalar na'urar da ke Dutse an mayar da ita matsalar ofishin Auyo. Manyan kamfanoni suna kauce wa haka ne da na'urori uku ko fiye, su ce amsar kowace ɗaya ta wadatar, kuma layukansu na ƙarƙashin ƙasa ne. A karkarar Kano da Jigawa ban ga hujjar ɗaura aikin yau da kullum a kan lafiyar eriyar waya ba. Na'urar nesa a bar ta a tsarin da ba ya jiran amsa, a yarda cewa a ranar bala'i za a iya rasa 'yan daƙiƙu idan sabis na da kyau, ko sa'o'i idan ya riga ya ɗauke. Rasit na takarda shi ke cike wannan giɓin, kuma wannan dalili ne mai ƙarfi na kada a yi saurin jefar da shi.

Tunda an yarda sabis zai riƙa yankewa, sai tambayar me zai faru da littafin WAL a lokacin da ta biyun ba ta ji. Uwar na'ura tana share tsofaffin fayilolinsa da kanta. Idan ta share wanda ta biyun ba ta karɓa ba, sarƙar ta tsinke, sai an sake ɗaukar kwafi daga tushe. Maganin shi ne gurbin kwafi, wanda ya shigo a fitowa ta 9.4: uwar ta riƙe wa ta biyun duk abin da ba ta karɓa ba har ta dawo. Amma gurbin ba shi da iyaka idan ba a sa masa ba. Na'urar Dutse ta lalace, ba wanda ya lura, fayiloli suna ta taruwa mako da mako, faifan uwar ya cika, PostgreSQL ya tsaya cak. Na'urar da aka saya don kariya ita ta kashe ta asalin. Tun fitowa ta 13 a 2020 akwai max_slot_wal_keep_size, kuma shi ma a buɗe yake zuwa, sai mutum ya rubuta adadi da hannunsa. Hanyar samun adadin ita ce a auna yawan WAL da ofishin ke samarwa a ranar da aiki ya fi yawa, kamar lokacin rabon taki ko biyan kuɗin girbi, a ninka da kwanakin da ake jin sabis zai iya ɗaukewa, a tabbatar bai kusanci sararin da ya rage a faifai ba. Gara sarƙa ta tsinke a sake ɗaukar kwafi da a ce ofis ya tsaya.

Yanzu ga abin da ya fi damuna a duk wannan batu. Kwafin bin sawu yana kare mutum daga ruwa da gobara da ɓarawo da faifan da ya ƙone. Ba ya kare shi daga hannun ma'aikacinsa. Idan wani ya share sunayen manoman ƙauye guda bisa kuskure, ko ya canja alƙaluman bashi da gangan, ko sabunta manhaja ya dagula teburin bayanai, cikin daƙiƙa ɗaya na'urar Dutse ta yi daidai abin da aka yi a Auyo. Kuma irin wannan ɓarnar ta fi ambaliya yawan faruwa.

Abin da ya samu kamfanin GitLab, mai adana ayyukan masu rubuta manhaja a intanet, a ranar 31 ga Janairu 2017 ya isa darasi, kuma su da kansu suka wallafa bayaninsa dalla-dalla. Kwafin bin sawunsu ya tsaya saboda nauyin aiki. Injiniyan da ke ƙoƙarin gyarawa da daddare ya tashi share rumbun na'ura ta biyu don a sake cika ta, sai ya share na uwar. Kafin ya ankara kusan gigabait 300 sun tafi. Ta biyun dama an riga an kwashe ta. Da suka koma ga kwafin ajiya sai suka tarar ya daɗe ba ya aiki, domin manhajar da ke ɗaukarsa tsohuwar fitowa ce da ba ta dace da rumbun ba, saƙon gargaɗin kuma ba ya isa ga kowa. Abin da ya cece su wani kwafi ne da aka ɗauka awa shida kafin nan don gwaji. Aikin awa shidan nan ya tafi har abada. Waɗannan ƙwararru ne masu kuɗi da kayan aiki.

Akwai saiti ɗaya da ke rage wannan haɗari, kuma ina mamakin yadda ba a cika amfani da shi ba: recovery_min_apply_delay. Yana gaya wa na'urar ko-ta-kwana ta karɓi littafin canje-canje nan take, amma kada ta aikata abin da ke ciki sai bayan wani lokaci, a ce awa takwas. A MySQL sunansa SOURCE_DELAY. Kyawunsa ga ƙaramin ofis shi ne na'ura ɗaya ta yi aiki biyu. Idan ruwa ne ya ci uwar, bayanan sun riga sun isa Dutse, sai dai ta aikata ragowar, wanda ga ofis mai ma'aikata biyar bai wuce 'yan mintuna ba. Idan kuskuren hannu ne, akwai awa takwas na a ankara. Amma akwai tarko a nan. Da zarar an ɗaga ta ta zama uwa, jinkirin ya ƙare, za ta aikata duk abin da ke hannunta har da kuskuren. Don haka abu na farko da ake yi idan an gano ɓarna shi ne a dakatar da ita da pg_wal_replay_pause, sannan a sa mata recovery_target_time, wato a ce ta tsaya a minti kaza kafin ɓarnar. Agogon na'urorin biyu kuma dole ya zama ɗaya, domin da shi ake lissafin jinkirin, kuma tsohuwar kwamfuta mai mataccen batirin agogo tana iya tashi da kwanan watan wata shekara.

Awa takwas ba za su ceci kuskuren da aka yi ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ba, wanda ba za a gani ba sai Litinin. Balle wanda sai mai binciken kuɗi ya zo ƙarshen wata. Wannan aikin kwafin ajiya ne: cikakken kwafin rumbu duk mako, tare da adana kowane fayil na WAL a wani wuri na uku, ta yadda za a iya mayar da rumbun zuwa kowane minti na watan da ya wuce. Manhajoji irin su pgBackRest da Barman kyauta suke, kuma aikinsu kenan. A nan lissafin data ya shigo. Fayil ɗin WAL ba ya tafiya ma'ajiya sai ya cika, kuma ƙaramin ofis yana iya wuni bai cika megabait 16 ba. Sai a sa archive_timeout ya tilasta rufe shi, a ce duk minti biyar. Minti biyar-biyar a awa 24 sau 288 ne, idan ana aiki ba tsayawa. A ninka da 16, an haura gigabait huɗu da rabi a yini, akasarinsa fanko. Idan an kunna matse fayil, fankon yana ƙanƙancewa ƙwarai. Wanda ya manta da matsewar zai ga datarsa ta wata ta ƙare cikin kwanaki bai san dalili ba.

Kwafi ɗaya kuma ya kasance a faifan da ake zarewa a kulle a durowa, a wani gida daban. Masu garkuwa da bayanai don kuɗin fansa, irin waɗanda suka durƙusar da hukumar lafiya ta ƙasar Ireland a Mayun 2021, suna neman duk abin da ke haɗe da intanet ne, har da kwafin ajiya. Faifan da ba a jona ba ya fi ƙarfinsu. A rufe shi da makullin sirri, domin faifan da ke ɗauke da cutar mutane ko bashinsu amana ce, kuma zai iya faɗuwa daga aljihu a kan babur. Makullin a rubuta shi a takarda, mutum biyu amintattu su san inda yake.

Abubuwa da dama ba sa bin kwafin, kuma sai ranar buƙata ake tunawa da su. Hotunan fasfo da takardun da aka ɗauka da sikana yawanci a wajen rumbun manhajar ke ajiye su. Manhajar kanta, da saitinta, da ayyukan da aka tsara su tashi da dare, duk sai an girka su a na'ura ta biyu tun da wuri. A kwamfutocin da ke aiki da tsarin Ubuntu ko Debian fayilolin saitin PostgreSQL suna wani wuri daban da pg_basebackup ba ya ɗauka. Sai kuma fsync, saitin da ke sa PostgreSQL ya tabbatar abin da ya rubuta ya sauka a faifai. Akwai masu kashe shi don na'ura ta yi sauri. A wurin da wuta ke ɗaukewa ba sallama, kashe shi na nufin wata rana rumbun zai tashi a dagule. A bar shi a kunne, a sa batirin da zai riƙe na'urar har ta rufe kanta cikin tsari, a kuma tuna da zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40 da ƙurar hunturu da ke toshe fanka.

Kwafin da ya tsaya ba ya ihu. A kan uwar akwai teburin pg_stat_replication da ke nuna tazarar da ke tsakanin na'urorin. Amma idan ta biyun ta yanke gaba ɗaya, layinta ɓacewa yake yi daga teburin, don haka shirin da ke duba ko tazara ta yi yawa ba zai ga komai ba, ya ɗauka lafiya. Rashin layin shi ne babban gargaɗin. Hanya mafi aminci ita ce saƙon tes ya riƙa zuwa wayar mutum biyu kowace safiya, ko da lafiya, yana faɗin lokacin da na'urar nesa ta karɓi abu na ƙarshe da sararin da ya rage a faifai. Ranar da saƙon bai zo ba, an san akwai magana.

Saura ranar kanta. Akwai manhajoji irin su Patroni da ke ɗaga na'ura ta biyu da kansu idan suka daina jin uwar. Suna buƙatar aƙalla na'urori uku da za su yi ittifaƙi, da layi mai aminci. A wurin da rashin jin uwar kan zama hadari ne kawai ya taso eriya ta yi shiru, ɗagawa ta atomatik haɗari ce. Na'urar Dutse za ta zama uwa alhali ta Auyo na nan tana karɓar kuɗin mutane. Rumbu biyu, kowanne da gaskiyarsa, kuma babu manhajar da za ta haɗe su; sai mutane sun zauna sun bi layi-layi. Mutum ne ya kamata ya yanke hukuncin, kuma a san shi tun yanzu, a san mataimakinsa idan ba a same shi a waya ba. Matakin farko shi ne a tabbatar tsohuwar uwar ta mutu ko an zare ta daga wuta da intanet, ta bakin wanda ya gani da idonsa. Sai a kira pg_promote a kan ta biyun, a juya kwamfutocin ma'aikata zuwa sabon adireshi, a ɗauki sabon kwafin ajiya a ranar, domin daga wannan lokacin ita kaɗai ce. Waɗannan matakai a buga su a takarda da Hausa, a ajiye a wuraren biyu. Umarnin da ke cikin kwamfutar da ruwa ya ci ba shi da amfani.

Lokacin gwada wannan duka shi ne watan Mayu, kafin damina ta kankama. A zaɓi ranar da ba kasuwa, a kashe uwar da gangan, a bai wa wani ma'aikaci da ba shi ya haɗa tsarin ba takardar, a duba agogo. Awannin da aka ɗauka su ne amsar gaskiya ga tambaya ta biyu da shugabanni suka amsa a farko. A wannan rana kuma a mayar da kwafin ajiya guda a kan wata kwamfuta, a buɗe asusun mutum uku a gwada da rasit ɗinsu.

Idan ruwa ya janye aka samu tsohuwar uwar da sauran rai, kada a jona ta da intanet. Tana nan tana ɗaukar kanta uwa. Akwai pg_rewind da ke mayar da ita mai bin sawun sabuwar ba tare da an sake kwafe komai ba, amma sai in an riga an kunna wal_log_hints ko tantance lafiyar shafukan bayanai, wato data checksums, tun kafin bala'in. Kuma pg_rewind yana shafe duk abin da ke kanta wanda sabuwar uwar ba ta da shi, wato daidai ayyukan mintunan ƙarshe da ba su kai ga tafiya ba. Don haka kafin a taɓa ta, a kunna ta ita kaɗai a ɗaki, a ɗauki cikakken kwafinta, a fitar da duk abin da aka shigar daga lokacin da sabis ya yanke zuwa lokacin da ta mutu. Ma'aji ya zauna da wannan jeri da kwafin rasit, a shigar da su ɗaya bayan ɗaya a sabuwar, kowanne da sa hannun wanda ya duba.